Gari Ɗaya, Taswira Biyu: Yadda Ake Bayanin Sauyi a Rubutun Jarrabawar IELTS

Duk wanda ya taɓa ɗauko baƙon da ya daɗe rabonsa da gari ya san hirar da ake yi a hanya. Mota na tafiya kana nuni da hannu: nan da gonar gero ce, ka ga yanzu an cika ta da gidaje; waccan makarantar an ƙara mata ajujuwa; tashar da ka sani an tashe ta an kai bayan gari; masallacin Juma'a kuwa yana nan inda ka bar shi. Kafin ku isa gida baƙon da kansa zai ce, "Lallai gari ya bunƙasa, kuma duk yamma ya nufa." Wannan hirar ita ce abin da tambayar taswira take nema a IELTS, jarrabawar gwada ƙwarewa a Turanci. Sai dai da Turanci za ka yi ta, a rubuce, cikin minti 20, kuma mai sauraronka yana riƙe da ma'aunin maki.

Na fara da wannan ne saboda na sha ganin yadda taswira ke kashe wa ɗalibai jiki. Mutum ya shafe wata biyu yana atisaye a kan jadawali da zanen layi mai hawa da sauka, ya haddace duk kalmomin ƙaruwa da raguwa, ranar jarrabawa ya buɗe takarda ya tarar da zanen ƙauye, babu wata lamba sai shekaru biyu a sama. A ganina kuwa, cikin duk tambayoyin da ke fitowa a wannan sashe, babu wadda Bahaushe ya fi zuwa da guzurinta kamar taswira. Harshenmu ya riga ya yi mana rabin aikin. Sauran rabin yana wurare ƙalilan inda Turanci ya raba abin da Hausa ta haɗe, kuma nan ne maki ke zubewa.

Bari mu fara da inda tambayar take zaune. An fara IELTS a 1989, kuma hukumomi uku ne suka mallake ta: British Council, da IDP ta ƙasar Ostireliya, da sashen jarrabawa na Jami'ar Kambirij. Tana gwada saurare, karatu, rubutu da magana, ana ba da maki daga 0 zuwa 9, har da rabi-rabi. Iri biyu ce. A wadda ake kira "General Training", aikin rubutu na farko wasiƙa ce, don haka mai wannan ba zai haɗu da taswira ba. Masu "Academic" ne take jira: masu neman gurbin jami'a, likitoci, da ma'aikatan jinya. Hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Birtaniya, NMC, tana neman 7 a saurare da karatu da magana, da 6.5 a rubutu. Hukumar likitoci, GMC, tana neman 7.5 a jimilla, kuma kada wani sashe ya gaza 7. Rabin maki a rubutu ya isa ya sa mutum sake biyan kuɗin jarrabawa, kuma wanda ya biya da naira ya san zafin hakan.

Awa ɗaya ake bayarwa don rubutu, aiki biyu. Na farko kalmomi 150 aƙalla, ana ba da shawarar minti 20. Na biyu muƙala ce ta kalmomi 250 aƙalla, minti 40, kuma nauyinta ninkin na farko ne. Wannan ninkin shi ke sa wasu raina aikin farko. To a yi lissafi: wanda ya ci 5 a taswira, sai ya ci 8 a muƙala kafin matsakaicinsa ya taɓa 7. Cin 8 a muƙala kuwa ba wasa ba ne ko ga wanda ya tashi da Turanci a baki.

Abubuwa huɗu mai ba da maki yake aunawa, kowanne da kashi 25 cikin 100: cika umarnin tambaya, tsari da haɗuwar zance, yalwar kalmomi da dacewarsu, sai nahawu. Ma'aunin ba sirri ba ne, an wallafa shi a fili, an kuma sabunta shi a 2023. Umarnin tambayar ma ba ya canzawa: ka taƙaita bayanin ta hanyar zaɓo muhimman abubuwa, ka kwatanta inda ya dace. Kalmar "zaɓo" ita ce ɗalibai suka fi tsallakewa.

Domin zancen ya kama ƙasa, ga misalin da na tsara da kaina, irin wanda ake gani a jarrabawar. Ƙauye ne irin na Ingila, taswira ɗaya ta 1980, ɗaya ta 2010. Kogi ya ratsa shi daga yamma zuwa gabas. A 1980, arewacin kogin gonaki ne ta yamma, kurmi ta gabas, da ƙaramar makarantar firamare a tsakiya. Kudancin kogin akwai babban titi mai jerin kantuna, gidan waya, tashar jirgin ƙasa, da wata masana'anta a bakin ruwa. Gada ɗaya ce tak. A 2010 gonakin sun zama unguwar gidaje, an sare rabin kurmin an gina asibiti, makarantar ta ninka girma, masana'antar ta koma gidajen kwana, kantunan sun tafi babban kanti ɗaya da wurin ajiye motoci sun maye gurbinsu, an kuma ƙara gada ta biyu ta gabas. Gidan waya da tashar jirgi ba a taɓa su ba.

Abin da ɗalibi mai tsoro yake yi shi ne ya fara daga kusurwar hagu ta sama ya bi taswirar kamar mai ƙirgan awaki a garke: an gina wannan, an rushe wancan, an gina wancan. Jimla takwas, duk daidai, babu kuskuren nahawu, amma ya tsaya a maki 5 wajen cika umarni. Ma'aunin ya siffanta wannan rubutun sarai: jero bayanai kamar inji, mai da hankali ga ƙananan abubuwa ba tare da duban babban hoto ba. A maki 6 ana so a ga aƙalla an yi ƙoƙarin kawo dunƙulallen bayani. A maki 7 dole ya fito fili, a kuma ga an karkasa bayanan yadda ya kamata. Wannan dunƙulallen bayanin, da suke kira "overview", shi ne maganar baƙon nan a mota: gari ya bunƙasa, kuma yamma ya nufa. Bai ƙirga gidaje ba. Ya faɗi abin da wurin ya zama da kuma inda sauyin ya fi yawa.

Tambayoyi uku nake sa ɗalibi ya yi wa kansa kafin ya rubuta komai. Wane irin wuri ne da, wane iri ne yanzu? Ta wane ɓangare aka fi taɓa shi? Me ya tsira? A misalinmu amsar ita ce: ƙauyen manoma ya zama garin zama, yawancin aikin arewa da kogi aka yi, tasha da gidan waya suna nan. Da Turanci sai ta zama jimla guda: "Overall, the village changed from a small farming settlement into a largely residential town, with most of the development taking place north of the river, while the station and the post office remained unchanged." Ka lura babu kalma mai wuya a ciki. Ɗan aji uku na sakandare ya san kusan dukkansu. Abin da ya ba ta daraja shi ne kallon da aka yi wa taswirar kafin a rubuta.

Akwai jabun dunƙulallen bayani da nake so a guje wa, domin ya yaɗu sosai: "Overall, the village witnessed many significant changes over the period." Wannan jimlar za ta hau kan kowace taswira a duniya, don haka ba ta ce komai game da wadda ke gabanka ba. Da babu sauyi ai da ba a kawo taswira biyu ba. Mai ba da maki ya karanta irinta sau ba adadi, kuma an horar da shi ya gane haddatacciyar magana. Game da wurin da za a ajiye dunƙulallen bayanin, ko bayan gabatarwa ko a ƙarshe duk ya halatta. Ni dai na fi son a sa shi a sakin layi na biyu, don idan lokaci ya ƙure, gara a rasa bayanin gada ta biyu da a rasa shi.

Gabatarwa ba ta buƙatar dogon zance. Jimla ɗaya ce da ke sake faɗin tambayar da kalmominka: wane wuri, waɗanne shekaru. Kada ka kwafe jimlar takardar, domin abin da aka kwafa ba a lissafa maka shi.

Yanzu ga inda faɗuwa ta zo daidai da zama. Taswira ba ta gaya maka wanda ya yi aikin. Ba ka san ko hukuma ce ta gina asibitin ko wani attajiri ba. Turanci yana warware wannan da sigar da ake ɓoye mai aiki: "a hospital was built". Mu kuwa muna da "an" tun fil azal: an gina, an rushe, an sare, an faɗaɗa. Kusan duk inda Hausa ta ce "an yi wa abu kaza", Turanci zai ɗauko "was" ko "were" ya haɗa da siffa ta uku ta aikatau. An rushe kantuna, "the shops were demolished". An faɗaɗa titi, "the road was widened". Kuskuren da na fi gani shi ne a yar da "was" ɗin, a rubuta "the shops demolished", wanda ga mai karatu yana nufin kantunan ne suka rushe wani abu.

Kuma Hausa za ta tsare ka daga kishiyar wannan kuskuren. Ɗalibi da ya ji an ce taswira tana son wannan siga sai ya shafa ta ko'ina: "the forest was disappeared", "the station was remained". Gwada su da Hausa. Za ka ce "an ɓace kurmi"? Kurmi ya ɓace dai. Za ka ce "an kasance tasha"? Tasha ta kasance yadda take. Inda Hausa ta ƙi "an" ta ɗauki "ya" ko "ta", Turanci ma yawanci ba ya son "was": "the forest disappeared", "the station remained", "the town grew". Wannan gwajin daƙiƙa biyu yake ci, kuma ban taɓa ganin wanda ya riƙe shi ya koma rubuta "was disappeared" ba.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, domin a kan lokaci ne harsunan biyu suka rabu, kuma nan nake so mu daɗe. "An gina asibiti" jimla ɗaya ce a Hausa, ko jiya aka gina, ko shekara 40 da suka wuce, ko kafin wani abu ya faru. Abin da ya dame mu shi ne aikin ya kammala. Sauran bayani kalmomi irin su bara, tuni, ɗazu da riga ne ke ɗauke da shi. Turanci ya yanka wannan jimla gida uku: "was built", "has been built", "had been built". Bahaushe da bai ankara ba zai riƙa tsalle tsakaninsu a sakin layi ɗaya, domin a kunnensa duk abu ɗaya suke faɗi. Mai ba da maki kuwa kowanne daban yake jinsa.

Abin da ke yanke hukunci shi ne rubutun da ke saman taswira ta biyu. Kafin ka kalli kogi ko gada, kalli wannan. Idan shekara ce da ta wuce, kamar 2010 a misalinmu, to labarin gaba ɗaya ya rufe, "was" da "were" ne abokan tafiyarka: "Between 1980 and 2010, a hospital was built in the north-east." Idan ka fara jimlar da "by 2010", wato ka tsaya a 2010 kana waiwayen abin da aka riga aka gama, sai "had been": "By 2010, half of the woodland had been cleared." Kalmarmu "riga" ita ce alamar. Duk inda za ka ce "zuwa shekara kaza an riga an yi", "had been" ne. Ba lallai ka cika rubutu da ita ba. Sau ɗaya ko biyu a wurin da ya dace ya nuna ka iya.

Idan kuma taswira ta biyu an rubuta mata "today" ko "present day", labarin ya iso har inda kake zaune, don haka "has been" da "have been" ne: "The farmland has been replaced by a housing estate." Taswira ta farko ita kaɗai ce za ta zauna a shuɗaɗɗen lokaci: "In 1980, there was farmland in the north-west." Tarkon a nan shi ne haɗa "has been" da shekarar da ta wuce, kamar "has been built in 1995". Turanci ba ya yarda da wannan auren. "Since 1980" tana tafiya da "has been". "In 1995" tana tafiya da "was".

Nau'i na uku shi ne wuri yadda yake yanzu da kuma tsarin da ake shirin yi masa. Wannan ya fi sauƙi gare mu, domin "za a" ta faɗa daidai kan "will be": za a gina, "will be built", za a mayar, "will be converted". Tun da shiri ne bai tabbata ba, yana da kyau a cuɗanya da "is planned", "is expected to" ko "according to the plan", don kada kowace jimla ta zo da "will". Wani lokaci kuma taswira uku ake kawowa, shekaru uku. Ƙa'idar ba ta sauya ba: kowane mataki ka tambayi kanka, wannan lokacin ya rufe, ya iso yau, ko bai zo ba?

Batun jiha kuwa namu ne. A ƙasar Hausa yaro ma ya san gabas, domin ita ake fuskanta a yi salla, kuma kwatance da "yi kudu", "gabas da kasuwa" abu ne na yau da kullum. Har jerin kalmomin ya dace: arewa maso gabas, "north-east". Bambanci ɗaya ne ke rikita mutane, alhali muna da shi a Hausa. Katsina tana arewacin Najeriya, wato a ciki. Nijar tana arewa da Najeriya, wato a waje. Na farko shi ne "in the north of", na biyu "to the north of". Asibitin misalinmu yana "in the north-east of the village", amma yana "to the east of the school". Wanda ya riƙe Katsina da Nijar a ransa ya gama da wannan.

Ka duba kibiyar da ke nuna arewa kafin ka ɗauka sama ce, ka kuma karanta akwatin alamomin da ke gefe, don ka san ko ɗigo-ɗigon layin nan hanyar ƙafa ce ko layin dogo. Idan zanen cikin gini aka ba ka, kamar ɗakin karatu ko gidan tarihi, kuma babu kibiya, to ƙofar shiga ce madogara: dama da ƙofa, hagu da ƙofa, "opposite the entrance", "next to the stairs". Inda "a" tamu take ɗauke da "in", "on" da "at" duka, sai a haddace 'yan kaɗan da taswira ke so: "on the coast", "on the river bank", "at the junction", "in the centre", "along the road".

Kalmomin sauyi ba su da yawa, amma kowacce da abin da take hawa. Gini ake yi wa "demolished" ko "knocked down", wato rusau da kowa ya sani. Bishiya "cut down", kurmi ko fili "cleared". Titi "widened" idan faɗi aka ƙara, "extended" idan tsawo. A misalinmu akwai bambanci mai kyau da ɗalibai kan wuce shi. Masana'anta ginin yana nan, amfani ne ya sauya, don haka "was converted into flats". Kantuna kuwa an kawar da su an gina wani abu, don haka "were replaced by a supermarket" ko "were demolished to make way for a supermarket". Hausa ma ta raba su: an mayar da, da kuma an maye gurbin. Ka dubi siffar ginin a taswirorin biyu. Idan zanensa bai canza ba sai suna, mayarwa aka yi. Idan abu ya ɓace a nan ya bayyana a can, ɗauke shi aka yi, "was relocated" ko "was moved", kuma faɗin haka ya fi a ce an rushe ɗaya an gina wani.

Ina roƙon ɗalibai su bar farautar manyan kalmomi. Na ga wanda ya gaji da "demolished" ya rubuta cewa an yi wa kantuna "annihilated", kalmar da ake wa rundunar da aka karkashe a yaƙi. Garin neman ƙiba an samo rama. Ma'aunin yana yaba kalmar da ta dace da wurinta, kuma yana hukunta wadda aka cusa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: garuruwan da ke cikin waɗannan taswirori yawanci irin na Turai ne, kuma sau da yawa a bakin teku ko a tsibiri. Wanda ya tashi a Gusau ko Maraɗi ba lallai ya taɓa ganin "pier" ba, wato dogon dandamalin da ke shiga cikin ruwa, ko "marina", matsayar ƙananan jiragen ruwa na shaƙatawa, ko "lighthouse", hasumiyar fitilar da ke yi wa jirage jagora. Sa'a ɗaya, sunayen suna rubuce a jikin taswirar, kuma ya halatta ka yi amfani da su yadda suke. Amma sanin me suke shi ke ba ka damar cewa wurin ya koma na 'yan yawon buɗe ido. Haka nan Turancinmu na gida yana da nasa tarko. "Motor park" da muke ce wa tasha ba ita ce "car park" ba. Wannan wurin ajiye motoci ne, tasha kuwa "bus station". "Daji" ɗaya muke da shi, sai mu fassara shi "bush", alhali taswirar "woodland" ko "forest" ta ce. Akwai kuma kalmomin da ba sa karɓar jam'i: "housing", "accommodation", "infrastructure". Sannan makaranta mace ce a Hausa, asibiti namiji, amma a Turanci duk "it" ne; cikin sauri "she was extended" takan kuɓuce wa mutum. Batun "a" da "the" ma Hausa tana taimakawa: an gina wani asibiti, "a hospital", asibitin yana gabas, "the hospital".

Sakin layi biyu na cikakken bayani sun wadatar, kuma taswirar ce za ta nuna maka inda za ka yanka. A misalinmu kogi ya yi mana aikin: arewa sakin layi ɗaya, kudu ɗaya. A wata taswirar titi ne ko layin dogo. Idan babu irin wannan iyaka, a raba ta nau'i: gidaje da kasuwanci a gefe, hanyoyi da filaye a gefe. Tsarin da ban cika so ba shi ne a siffanta taswira ta farko gaba ɗaya sannan ta biyu gaba ɗaya, domin kwatancin da aka nema yana ɓacewa a tsakani. Jimlar da ta ɗauki da da yanzu a tare ta fi ƙarfi: "The farmland in the north-west, which covered almost a quarter of the area in 1980, was replaced by a large housing estate." Ka ga ta faɗi wuri, girma, lokaci da sauyi, ta kuma nuna nahawu mai sarƙaƙiya ba tare da an tilasta ba. Kuma cikakkun jimloli ake so. Rubutu a jere da ɗigo-ɗigo yana rage maki.

Abu biyu kada su shiga: dalili da ra'ayi. Mu mutane ne masu son bayanin sababi, sai hannu ya rubuta cewa an gina asibiti saboda jama'a sun ƙaru, ko sare kurmi abin takaici ne. Wataƙila gaskiya ne, kuma ni ma sare kurmi yana damuna, amma taswirar ba ta faɗa ba, aikin kuwa rahoton abin da ke kan takarda ne. Ra'ayi ka adana shi don muƙala.

Akan kuma kawo taswira ɗaya da wurare biyu da ake tunanin gina wani abu, misali babban kanti. A nan babu da babu yanzu. Kwatanta wuraren za ka yi ta fuskar nisa da tsakiyar gari, kusanci da titi ko layin dogo, da unguwannin da ke kewaye, cikin lokaci na yanzu, da "would" idan kana maganar abin da zai kasance in an zaɓi wurin.

Atisayen da na fi yarda da shi ba ya buƙatar sayen komai. Zana unguwarku yadda ka san ta kana yaro, ka zana ta yadda take yau. Wanda ya san Ƙofar Nasarawa a Kano kafin gadar sama da bayanta yana da tambaya cikakkiya a kansa. Manhajar Google Earth ma tana da tsofaffin hotunan sama da za ka ja baya ka ga yadda wuri yake shekarun da suka wuce. Rubuta bayanin sau uku: sau ɗaya kamar shekarun biyu duk sun wuce, sau ɗaya kamar ta biyu yau ce, sau ɗaya kamar ta biyu shiri ne na nan gaba. Abubuwan ba su canza ba, aikatau kaɗai ke juyawa, kuma da haka hannu yake sabawa da rabon da kunne bai saba ji ba.

Ranar jarrabawa, minti 3 na farko kada ka rubuta jimla: karanta shekarun, nemi kibiya, yi wa abin da ya sauya alama, ka kewaye abin da bai sauya ba. Minti 14 na rubutu, kalmomi 170 zuwa 190 sun isa. Mai yi a kwamfuta zai ga adadin a allo, mai yi a takarda, inda har yanzu ake ba da wannan zaɓin, ya san tun a gida kalma nawa yake sawa a layi. Minti 3 na ƙarshe ka bi aikatau ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka ɗaga ido ka duba shekarar da ke saman taswira ta biyu, sannan ka wuce ga muƙala ko da kana jin akwai sauran abin gyara.